Ƙuri'a 2,344 da 6, amma gardamar ba ta mutu ba

Wanda yake kallon Cocin Katolika daga waje tsari kawai yake gani. Fafaroma ɗaya a Roma, bishop-bishop a ƙarƙashinsa, limamai a ƙarƙashinsu, katikisim ɗaya ake karantawa daga Manila har Kafanchan. Abokanmu Musulmi ma sukan ce ai ku kun huta, kuna da mutum ɗaya wanda in ya yi magana shikenan an rufe babin. Ina ma haka ne. Sama da shekara ɗari kenan masana tauhidin Katolika suna kai ruwa rana da juna, kuma ba akan ko Yesu ya tashi daga matattu ba ne, wannan babu mai ja. Rigimar akan hanya ce. In sabuwar tambaya ta taso daga ina za a fara neman amsa, me za a karɓa a matsayin hujja, in hujjoji biyu suka ci karo wacce za ta kauce wa wata, sannan wa zai ce to an gama. Ra'ayina shine muddin ba a fito fili an yi wannan gardama ta hanya ba, duk takardar da aka sa wa hannu, ko da kowa da kowa ne ya sa hannun, rikicin kawai aka ɗaga zuwa gaba.

Abin ba zai zama baƙo ba ga wanda ya taɓa zama gaban malamin usulu, inda ake jera Alƙur'ani da Sunna da ijma'i da ƙiyasi, Malikawa su ƙara da aikin mutanen Madina. Mu ma muna da namu jerin. Wani malami ɗan Sifen, Melchor Cano, a littafinsa da ya fito a 1563 ya lissafa wurare goma da ake ɗebo hujja, Littafi Mai Tsarki a kan gaba, sai abinda aka gada daga manzanni, sai Ikilisiya da majalisunta da ubannin farko, can ƙasa kuma hankali da falsafa da tarihi. Tun kafin shi, a shekara ta 434, Vincent na Lerins ya ba da ma'aunin da har yau ake maimaitawa, wai a riƙe abinda aka gaskata a ko'ina, a kowane lokaci, kuma kowa ya gaskata shi. Yana da daɗin ji. Amma ka gwada auna tambayar yau da shi, kamar maganin tsarin iyali ko hukuncin kisa, ka ga ko zai ba ka amsa. Kowa ɗin su wa? Kowane lokacin ya haɗa da ƙarnukan da aka yi ana ƙona masu bidi'a da ransu?

An taɓa gwada maganin ƙarfi. A 1879 Fafaroma Leo na 13 ya ce duk makarantun limamai su koma kan falsafa da tauhidin Waliyyi Toma Akwinas. Shi Toman ba matsala ba ne, mutum ne mai son tambaya, salon rubutunsa ma shine ya fara kawo hujjojin waɗanda ba su yarda da shi ba kafin ya faɗi nasa. Matsalar abinda aka maida shi ne. Aka rubuta littattafan karatu da Latin, kowane babi ya fara da hukunci, sannan a nemo aya biyu uku a jingina, a ɗauko jimla ɗaya daga Waliyyi Agustin, ɗaya daga ubannin farko, a rufe da hujjar hankali. Wato an riga an san amsa kafin a buɗe Littafi Mai Tsarki, aya aikinta kawai ta zo ta ba da shaida ta koma. A 1907 Pius na 10 ya la'anci abinda ya kira aƙidar zamananci, a 1910 ya kawo rantsuwar da dole limamai da masu koyarwa su yi ta ƙin wannan aƙida, kuma sai a 1967 aka soke ta. Shekara hamsin da bakwai ana rantsar da mutane. In ka leƙa makarantar limamai a Roma ko Ayalan ko Amurka a wancan zamanin baki ɗaya za ka ji, sai ka ɗauka ijma'i ne ya tabbata. Shiru ne kawai na wanda yake tsoron rasa aikinsa.

Abinda ya tona asirin shirun nan shine labarin wasu Faransawa. Limamai Marie-Dominique Chenu da Yves Congar na ƙungiyar Dominikan, da Henri de Lubac na ƙungiyar Jesuwit, suka ce a koma tushe, a karanta Littafi Mai Tsarki da ubannin farko a cikin zamaninsu, a yarda cewa koyarwa tana da tarihi, Toma da kansa ɗan ƙarni na 13 ne yana amsa tambayoyin ƙarni na 13. Akan wannan aka sa ɗan littafin Chenu cikin jerin haramtattun littattafai a 1942. A 1950 aka cire de Lubac daga koyarwa a Lyon. A 1954 aka kori Congar daga makarantarsa, ya yi ta yawon gudun hijira daga Urushalima zuwa Roma zuwa Kambirij. A Amurka ma aka ce wa John Courtney Murray ya daina rubutu akan 'yancin addini. Ba a yi shekara goma da korar Congar ba sai ga shi a Roma cikin masanan da ke rubuta takardun Majalisar Vatikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na duniya, shi da de Lubac, Murray ma ya biyo baya. De Lubac ya zama kadinal a 1983, Congar a 1994 yana kwance ba lafiya, saura watanni ya rasu. Ba wanda ya fito ya ce musu mun zalunce ku, jar hula kawai aka miƙa musu.

Ita majalisar nan ce zuciyar maganata, don haka bari in tsaya a kanta. John na 23 ya buɗe ta ran 11 ga Oktoba 1962, bishop sama da dubu biyu a cikin Majami'ar Waliyyi Bitrus, Paul na 6 ya rufe ta a Disambar 1965. Namu bishop ɗan Najeriya Francis Arinze ya samu zaman ƙarshe, lokacin yana ɗan shekara 32, sabon naɗi. Tun a zaman farko aka yi karon da ya nuna cewa rigimar ta hanya ce. Ofishin Kadinal Ottaviani, wato ofishin Vatikan mai tsaron koyarwa, ya kawo daftari akan wahayi, an rubuta shi da tsohon salon nan, yana maganar tushe biyu, Littafi daban, abinda aka gada daban. Ran 20 ga Nuwamba 1962 aka jefa ƙuri'a, 1,368 suka ce a ajiye shi, 822 suka ce a ci gaba. Masu rinjayen ba su kai kashi biyu cikin uku da doka ta nema ba, da an bi ƙa'ida da an ci gaba da daftarin da yawanci ba sa so. Sai Fafaroma ya sa baki ya janye shi, ya haɗa sabon kwamiti ya ba Ottaviani da Kadinal Bea su jagoranta tare, mutum biyu da ba sa ga maciji a wannan batu. Shekara uku ana gyara ana gogewa. Da takardar ta fito a Nuwambar 1965, wadda ake kira Dei Verbum, ƙuri'a 2,344 ta samu, shida kacal suka ƙi.

To ya aka yi 822 suka koma 6? Wasu kam da gaske sun sauya ra'ayi, zama bayan zama suna jin laccar masana da yamma suna zama da bishop-bishop na wasu nahiyoyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma akwai ɗaya sirrin. Paul na 6 ba ya son a maimaita abinda ya faru a 1870, lokacin da aka zartar da cewa Fafaroma ba ya kuskure in ya yanke hukuncin bangaskiya daga kujerarsa, ƙuri'a 533 da 2, alhali gomman bishop-bishop da ba su yarda ba sun tattara kayansu sun bar Roma kafin ranar don kada su ce a'a a gaban Fafaroma. Shi yana son kowa ya zauna har ƙarshe kuma ya ce e. Hanyar da aka bi ita ce a sa jimlar wannan ɓangare, a sa jimlar wancan a gefenta, a bar su haka. Takardar majalisar akan Ikilisiya ta ce bishop-bishop tare da Fafaroma ƙungiya ɗaya ce mai iko akan Ikilisiya duka, nan take kuma ta sake jaddada cikakken ikon Fafaroma shi kaɗai, har a Nuwambar 1964 aka liƙa mata wani bayani daga sama don kwantar da hankalin marasa rinjaye. Takardar 'yancin addini ta ce kowane mutum yana da haƙƙin kada a tilasta shi a sha'anin addini, wanda duk mai karatu ya san ba haka Pius na 9 yake magana ba a 1864, amma a farkonta aka rubuta cewa tsohuwar koyarwa akan wajibcin bin addinin gaskiya tana nan ba a taɓa ta ba.

Kamar sulhun rikicin gona ne da dattawa suka tara 'yan'uwa biyu, aka yi musu nasiha mai ratsa jiki, suka yi musabaha aka shafa addu'a aka watse, amma ba wanda ya je gonar ya kafa dutsen iyaka. Ranar sulhun kowa ya ji daɗi. Ruwan farko na sauka kowa ya ɗau fartanya ya nufi inda yake ganin nan ne nasa ya tsaya.

Ban ce yaudara aka yi ba, kuma ban raina abinda aka samu ba. Majalisa mai girman wannan ta sauya yadda ake ibada, ta sauya yadda ake kallon Yahudawa da Musulmi, amma ɓarakar da ta biyo baya a fili ƙarama ce, ta Marcel Lefebvre, wanda ya taɓa zama babban bishop na Dakar, shi ne ya naɗa bishop huɗu ba izini a 1988 aka fitar da shi. Kuma barin tambaya a buɗe ba laifi ba ne in an faɗa cewa a buɗe take. Akwai misali mai kyau. Dominikan da Jesuwit sun shafe shekaru suna faɗa akan yadda alherin Allah yake haɗuwa da zaɓin ɗan adam, irin dai gardamar ƙaddara, aka yi ta zama a gaban fafaromomi biyu, daga ƙarshe a 1607 Paul na 5 ya ce kowa ya ci gaba da koyar da nasa, amma kada wani ya sake kiran ɗan'uwansa mai bidi'a. Har yau ba a yanke ba, kuma ba wanda ya mutu. Wannan gaskiya ce tsirara, an ce ba mu yanke ba. Abinda nake ƙi shine a rubuta takarda da muryar wanda ya yanke alhali kowane ɓangare ya san ya ɓoye makaminsa a ciki. Shi yasa shekara arba'in bayan rufe majalisar, a Disambar 2005, sai da Benedict na 16 ya tsaya yana yi wa manyan ma'aikatansa bayanin yadda ya kamata a karanta ta, gyara ne cikin ci gaba ko yankewa ne daga baya.

Abin dariyar ma, waɗanda suka yi nasara a majalisar su ne suka fara rabuwa. A 1965 su Karl Rahner da Congar da Hans Küng da Edward Schillebeeckx suka kafa mujallar Concilium. A 1972 Hans Urs von Balthasar da de Lubac da Joseph Ratzinger, wanda daga baya ya zama Benedict na 16, suka kafa tasu, Communio, don suna ganin abokansu sun wuce gona da iri. Küng da Ratzinger jami'a ɗaya suka koyar a Tübingen, Küng ne ma ya taimaka aka ɗauko shi, a 1969 Ratzinger ya bar wurin ya koma Regensburg. Mutane suna son su maida labarin nan ya zama na masu sassauci da masu tsauri kamar jam'iyyu, ni ina ganin wannan ragon tunani ne. Bambancin daga ina za a fara ne. Rahner yana farawa daga ɗan adam, wace irin halitta ce wannan da har take iya jin maganar Allah. Balthasar ya ce a'a, in ka fara daga mutum to za ka auna Allah da mudun mutum, fara daga ɗaukakar da ta bayyana cikin Almasihu ka bari ta ba ka mamaki tukun. Gustavo Gutiérrez a Peru, da littafinsa na 1971 akan tauhidin 'yantarwa, ya ce ku duka kuna amsa tambayar Bature ne mai shakkar ko akwai Allah, ni mutanena ba sa shakka, yunwa ce ke kashe su, tambayata ita ce ta yaya zan ce wa matalauci Allah yana sonka, don haka zama da talaka ne farko, tauhidi ya biyo baya. In mutum uku suka fara daga wurare uku haka, ko aya ɗaya suke karantawa ba abu ɗaya za su ji ba.

Wanda ya fi burge ni a nan Bernard Lonergan ne, Jesuwit ɗan Kanada, duk da rubutunsa yana da nauyi kamar me. A 1972 ya raba aikin tauhidi gida takwas, daga tattara rubuce-rubuce da fassara su da tarihi har zuwa isar da saƙo ga jama'a, amma a tsakiya ya ware gida guda musamman na fito-na-fito da saɓani, inda za a baje ra'ayoyin da suka ci karo a tono asalin abinda ya raba su, shin bayanai ne wani bai samu ba, ko kuwa tun daga tushe ba abu ɗaya suke nufi da gaskiya ko alheri ba. Wannan gidan ne nake ganin Ikilisiya ta fi tsallakewa. Ana son a yi tsalle daga sauraro a faɗa kan sanarwar bayan taro.

Jarrabawa mafi zafi ta zo a 1968. An kafa kwamiti akan maganin hana ɗaukar ciki, da masana tauhidi da likitoci da ma'aurata a ciki, mafi yawansu suka ba da shawarar a sassauta, rahoton ya fita a jaridu a 1967, kowa ya sa rai. A Yulin 1968 Paul na 6 ya fitar da wasiƙarsa Humanae Vitae ya ce a'a. Bishop-bishop na Jamus da na Kanada suka fitar da sanarwa suna jaddada lamirin mutum. A ƙasashe da yawa ma'aurata suka ci gaba da zuwa coci suna kuma yin abinda suka ga ya fi musu. To a nan ina ijma'in yake, wajen kwamiti, ko wajen Fafaroma da magabatansa, ko wajen jama'a? Majalisar Vatikan ta Biyu ta koyar cewa jama'ar Allah gaba ɗaya, daga bishop har na ƙarshen benci, ba za su ɓata a bangaskiya ba in suka haɗu akan abu. Malamin Ingila John Henry Newman tun 1859 ya nuna cewa a rikicin Ariyus na ƙarni na 4, akan allahntakar Yesu, talakawan coci ne suka riƙe gaskiya lokacin da bishop-bishop da yawa suka yi tangal-tangal, kuma rubutun ya jawo masa zargi a Roma. Amma Hukumar Tauhidi ta Duniya, wadda aka kafa a 1969, ta ce a takardarta ta 2014 wannan ji na bangaskiya ba ra'ayin jama'a ba ne irin na ƙidaya, sai wanda yake rayuwa cikin Ikilisiya da gaske, yana jin Magana, yana kuma sauraron hukumar koyarwa. Na yarda da rabin farko, ai ba a yin bangaskiya da ƙuri'ar rediyo. Sai dai in sharaɗin a ji muryarka shine ka riga ka yarda, to me ake tambayarka? Wannan ƙullin har yau ba wanda ya kwance shi, kuma na fi ganin girman wanda zai ce ƙulli ne akan wanda zai yi kamar babu shi.

Daga nan aka sake ɗauko sanda. An karɓe izinin koyarwa na Küng a 1979, an sa Leonardo Boff na Barazil ya yi shiru a 1985, an cire Charles Curran a Amurka a 1986. Ni ba na cikin masu cewa kada a taɓa kowa. Wanda yake koyarwa da sunan Ikilisiya ya fito ya musanta abinda majalisa ta zartar, kamar yadda Küng ya yi da hukuncin 1870, ba zalunci ba ne a ce masa ka ci gaba da rubutunka amma ba da sunanmu ba. Amma a duba sakamako. Ofishin koyarwa na Vatikan ya fitar da gargaɗi mai kaushi akan tauhidin 'yantarwa a 1984, sai ga Gerhard Müller, wanda suka rubuta littafi tare da Gutiérrez, ya zama shugaban wannan ofishin mai gargaɗin a 2012. Hukunci yana iya tsayar da bakin mutum, tambayar da ya yi kuwa tana nan tana jiran wani.

Fafaroma Francis ya zo da nasa salon, wato tafiya tare. Daga 2021 zuwa 2024 aka yi ta tuntuɓa tun daga ƙananan coci-coci, aka yi manyan zama biyu a Roma a Oktobar 2023 da Oktobar 2024, a karon farko mata sama da 50 suka jefa ƙuri'a. An zauna a tebura masu zagaye, kadinal kusa da ɗaliba, kowa ya yi magana 'yan mintoci, a yi shiru a yi addu'a, a sake zagayawa kowa ya faɗi abinda ya taɓa shi a maganar wasu. Gaskiya abu ne mai kyau, coci da ta saba magana daga sama ta koyi kasa kunne. Amma sauraro daban, gardama daban. Tsarin bai ba da fili sosai wani ya ce ɗan'uwa hujjarka ba ta tsaya ba, ga dalili. Kafin zama na biyu kuma aka kwashe batutuwa masu zafi aka miƙa wa kwamitoci goma na nazari. Duk da haka a takardar ƙarshe sakin layin da ya taɓo matsayin mata, har da batun naɗa su dikin, muƙamin da ke ƙasa da liman, shi ya fi shan a'a, mutum 97. Sauran suka wuce sumul, to ai dole, an riga an cire ƙayar. Francis ya rasu a Afrilun 2025, Leo na 14 ya gaji fayil-fayil ɗin.

Yanzu bari in zo gida, don nan ne abin ya fi damuna. Ran 18 ga Disamba 2023, a tsakanin zaman nan biyu na tafiya tare, ofishin koyarwa ya fitar da takardar Fiducia Supplicans, wadda ta ba da damar sa wa ma'aurata da ba su kan ƙa'ida albarka, har da masu jinsi ɗaya, ba tare da an tuntuɓi bishop-bishop na duniya ba. Afirka ta yi caa. Bishop-bishop na Najeriya suka ce ba za a yi a nan ba. Ran 11 ga Janairu 2024 Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa ya fitar da matsaya da sunan ƙungiyar bishop-bishop na Afirka, da amincewar Fafaroma, cewa ba za a yi irin wannan albarka a Afirka ba. Mutanenmu suka yi ta murna a Facebook wai Afirka ta ceci Ikilisiya. Ni ma ina ganin an yi wa bishop-bishop rashin kyautawa da aka yi musu ba-zata. Amma a karanta hujjar da kyau. An kawo ayoyi, sannan aka jingina da al'adun Afirka da abin kunyar da zai jawo. Francis kuma da aka tambaye shi sai ya ce Afirka lamari ne na daban, saboda al'ada. Ka ga an ba mu abinda muke so amma an maida shi al'ada. To in al'ada hujja ce a Kinshasa da Abuja, da wane baki za mu hana Bajamushe ya ce shi ma al'adar mutanensa ce ta sa yake neman nasa sauye-sauyen? In kuma ba al'ada ba ce, Magana ce, to ba daidai ba ne mu gamsu da a ce a Afirka kaɗai. Dole mu zaɓi ɗaya, ko kuma mu zauna mu fayyace a ina al'ada take da ta cewa a ina kuma ba ta da ita. Ba sabuwar tambaya ba ce, tun 1960 Tharcisse Tshibangu yana ɗalibi ya yi muhawara da malaminsa Alfred Vanneste a Kinshasa akan ko akwai tauhidin Afirka, Paul na 6 kuma ya faɗa a Kampala a 1969 cewa muna iya samun Kiristanci na Afirka, ya ma kamata mu samu. Mun ɗauki ganga da rawa da kayan liman masu zanen gida, har Kwango ta samu tsarin ibadarta a 1988, amma aikin tunanin mun bar shi rabi.

Inda za a gane ko da gaske muke shine auren mace fiye da ɗaya, wanda taron 2023 ya ɗora wa bishop-bishop na Afirka su yi nazari a kai. Wannan ba labarin Turai ba ne, duk wanda ya yi aikin bishara a ƙauyukan Maguzawa ko kudancin Kaduna ko Filato ya san dattijon nan mai mata biyu ko uku da ya auro su tun kafin ya ji bishara, shekara da shekaru yana zuwa coci yana ba da baiko, 'ya'yansa duk sun yi baftisma, shi kuwa yana zaune a baya ba ya karɓar jibi. Dokar Ikilisiya ta ce in zai yi baftisma ya riƙe ɗaya, ya kuma kula da bukatun sauran bisa adalci. A takarda ya yi tsaf. A ƙauye kuwa ma'anarsa wata uwar 'ya'ya biyar za ta wayi gari ba ta da miji ba don ta yi laifin komai ba. Cocin Angilika a taronsu na Lambeth na 1988 sun yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma da matansa, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba. Ban ce mu kwafa ba, koyarwar mace ɗaya namiji ɗaya tana da tushe mai ƙarfi a bakin Yesu kansa, kuma matan da suka sha zaman kishi suna da tasu maganar da ba lallai ta yi wa mazan daɗi ba. Abinda nake nema shine duk matsayar da za a ɗauka a nuna mana hanyar da aka bi. A ce ga abinda Littafi ya faɗa, ga yadda aka yi da irin wannan a ƙarnukan baya, ga abinda matan da abin ya shafa suka ce da bakinsu ba ta bakin liman ba, ga inda muka ba al'ada dama da dalili, ga inda muka hana ta da dalili, kuma ma'aunin nan da muka yi amfani da shi mun yarda a auna Jamus da shi a auna mu da shi. In akwai bishop-bishop da ba su yarda ba a rubuta hujjarsu a ƙarshen takardar kada a narkar da ita cikin jimla mai fuska biyu. Sannan a fassara ta da Hausa da sauran harsunanmu, a ba katikis ya karanta wa dattijon da matansa a ji me za su ce.